Hannun da Na Ce Lafiyarsa Lau

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Yau kwana arba'in ke nan da Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu. Ya rasu da hantsi a ƙofar gidansa a Tungan Maje, yana zaune a kan buzunsa, igiyar ramar da yake tufkawa tana kan cinyarsa. Bai yi jinya ba, in ban da tari na kwana huɗu.

Kafin azahar gida ya cika. Fulanin rugar bayan rafi suka zo, suka jingine sandunansu a bakin zaure. Babbansu ya zauna kusa da ni ya ce shekara da shekaru shanunsu suna ratsa gefen gonar Kawu, ko sau ɗaya bai kai su gaban alƙali ba. In sun yi masa ɓarna sai ya tafi rugar da ƙafarsa, a ba shi nono ya sha, sannan ya ce a nuna masa saniyar da ta fi son ganyen doyarsa su gaisa. Kunya ce take sa su tsare shanun. Matan Gbagyi na gangare suka hawo da itace a kafaɗa, kowace ta sauke nata a ƙofar madafa, ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ta tashi ba tare da doguwar magana ba. Malamin cocinsu ya cire hularsa ya tsaya a bayan sahu har aka idar da sallar gawa.

Na ji wani saurayi yana tambayar abokinsa wane ne ya rasu. Abokin ya ce, “Tsohon nan mai igiya, mai shanyayyen hannu.” Iyakar abin da suka sani ke nan, kuma ban ga laifinsu ba.

Da aka dawo daga maƙabarta liman ya riƙe hannuna ya ce, “Allah Ya yi maka albarka. Ka riƙe shi riƙon ɗa na halak.” Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya maimaita irin wannan. Ina cewa amin, kaina a ƙasa, ana zaton hawaye nake ɓoyewa. Abin da na kasa faɗa a zaman makoki shi zan rubuta a nan, don kada a manta da Kawu, kuma don kada a tuna da ni fiye da yadda nake.

Ina ɗan shekara biyar mahaifina ya rasu. Da mahaifiyata ta sake aure a Gwagwalada, Kawu ya ce a bar masa ni. 'Ya'yansa uku ne, duk mata, bai taɓa bari na ji cewa ni ba nasa ba ne. Shi ya kai ni makarantar elemantare a Abuja, Abujar sarki nake nufi, ba wannan da masu awon ƙasa suke kafa wa turaku a dajin Garki ba. Dangi sun ce ya rasa abin yi, ga gona tana neman hannu zai kai yaro wurin boko. Ya ce, “Hannuna ya ishe ni. Ido nake nema.”

Kuma hannun ya ishe shi. Wanda bai ga Kawu da garma ba bai ga noma ba. Ba dogo ba ne, amma dantsensa kamar gindin turmi. In an yi ruwan fari aka fita tara tulin doya, sara uku yake yi tuli ya tashi, ya dafe shi da bayan garma ya wuce gaba, ba ya waiwaye. A wajen gayya yana da takensa na kansa, in makaɗi ya buga shi samari sun san yau akwai wanda zai kwana da ciwon baya. Yakan ce doya 'yar sarauta ce, ba ta kwana a gado mara tsawo. Yakan ce kada mai jin yunwa ya yanke hukunci, don haka duk wanda ya kawo masa ƙara sai ya fara gasa masa doya, a dangwala da manja da barkono, sannan a yi magana. Rabin ƙararrakin a bakin wutar suke mutuwa.

Yana da taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba. Akwai wata ɗorawa a kan iyakar gonarsa da ta wani maƙwabci, suka shekara bakwai suna jayayya a kanta. Kowannensu ya ce kakansa ne ya bar ta. Dagaci ya ce a raba 'ya'yan biyu, duka suka ƙi. Ba su daina gaisawa ba, amma gaisuwar ba ta wuce lafiya lau.

Sai Allah Ya sa 'yar wannan maƙwabcin na gani nake so. Lokacin ina koyon aikin dispensa, mai ba da magani a asibiti, a Zariya, an yi damina biyu ko uku da samun 'yancin kai. Da na gaya wa Kawu sai ya ce, “Yarinyar ba ta da laifi. Ubanta ne dai idonsa ba ya ganin iyaka.” Amma ya sa babbar rigarsa ya je ya nema mini, aka ba shi. Aka sa biki ƙarshen bazara, lokacin hutuna, aka kuma yi alkawari gidanmu zai kai wa surukina gayya da zarar an yi ruwan fari.

Kawu da kansa ya gina ɗakin amarya. Ranar da za a ɗora jinka aka tara maza goma sha biyu. An gama baibaye ta a ƙasa, ciyawar kuma ba ta gama bushewa ba, don haka ta yi nauyi. Aka ɗaga ta sama da kai, ana tafiya da ita a hankali. Saura taku biyu a kai bango, na gefen Kawu ya yi tuntuɓe ya saki. Nauyin ɓangaren gaba ɗaya ya sauko a kan hannun Kawu na dama, wanda yake miƙe a sama. Ya dage ya riƙe, jinkar ta danne hannun ya lanƙwashe da ƙarfi. Muka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Kowa ya ɗauka gorar jinkar ce. Kawu ya tallafe da kafaɗa har aka ɗora, sannan ya koma gefe ya zauna, ya riƙe gwiwar hannunsa.

Na tambaye shi, ya ce, “Ba komai. Kamar wani ya jefe ni da dutse ta baya.”

Washegari bayan hannun ya kumbura tun daga gwiwa har tsakiyar dantse. Kwana na biyu jini ya kwanta, fatar ta yi baƙi wuluk har gangarowa wajen tsintsiyar hannu. A ranar aka yi ruwan fari. Kwana na uku surukina ya aiko ƙanensa ya ce jibi ne gayya.

A zaure aka karɓi ɗan aiken. Akwai Kawu, da ni, da maƙwabta biyu, da aminin Kawu, wani dattijon Gbagyi na gangare wanda shi ne maɗorin yankinmu. Tare suka girma da Kawu, tare suke farauta da ƙuruciya, ina kiransa Baba. Kawu ya ce wa ɗan aiken samarin gidanmu da na unguwa duk za su zo, amma shi a yi masa uzuri, hannunsa ba zai iya garma ba.

Na ga fuskar ɗan aiken ta canja. Gayyar da Kawu bai jagoranta ba, a gonar mutumin da suke rigima, kowa ya san yadda za a fassara ta. Ni ma haka na fassara ta. Na ce bari in duba hannun.

Ina da shekara ɗaya da rabi a Zariya. Na iya allura, na iya wankin gyambo, na san alamun karaya. Na naɗe hannun rigata a gaban mutane yadda na ga manyanmu suna yi. Na bi ƙashin da yatsa tun daga kafaɗa, ban ji inda ya goce ba. Na ce ya lanƙwasa hannun, ya lanƙwasa, ƙwanjinsa ya tashi kamar kullum. Na ce ya sauke, hannun ya sauka ya miƙe. Na ba shi yatsuna biyu na ce ya matse, ya matse har sai da na ji zafi.

Ya ce, “Ja kam ina ja. Turawa ce ba na iyawa. Ƙyauren nan ma da hagu nake tura shi. In na yi sujada, hannun ba ya ɗaga ni.”

Baba ya matso ya kama hannun, ya sa babban yatsansa a baya, sama kaɗan da tsinin gwiwar, ya danna cikin kumburin. Yatsan ya shige. Ya ce da irin Hausarsa, “Ɗan abokina, kawo hannunka ka ji. Ƙashi yana nan lafiya. Igiya ne ya tsinke, wanda yana miƙe hannu. Ga rami a nan.”

Ban kai hannuna ba. Na ce, “Baba, kumburi ne. Kowane kumburi in ka danna yana lotsawa.” Har da ɗan murmushi na faɗa, irin na wanda ya yi karatu.

Sannan na juya ga Kawu, a gaban ƙanen surukina, na ce, “Kawu, ni dai ban ga komai ba. Buguwa ce, kwana kaɗan za ta sace. Hannun da ya matse ni haka ba zai kasa riƙe garma ba. In kuwa maganar ɗorawa ce, gara a fito a faɗa.”

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Baba ya saki hannun a hankali. Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana so ya tabbatar ni ne. Ya ja hannun rigarsa ya rufe kumburin, ya ce wa ɗan aiken, “To, likita ya yi magana. Ka ce masa Allah Ya kai mu jibi.”

Ya je. Shi ne ma ya fara isa gonar. Makaɗi ya gan shi ya buga takensa, samari suka yi sahu, aka ba shi kan layi kamar yadda aka saba. Ya ɗaga garma. Da ya kawo sara, hannun ya naɗe a ƙarƙashinsa, garmar ta kauce ta daki ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya sake, ta sake kaucewa. Ya juya ƙotar ya mai da hagu gaba. Ina layi na huɗu, ina ganin komai. Samarin da ba su taɓa ganin gabansa ba sai bayansa suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kau da kai. Gumi ya jiƙa shi tun rana ba ta yi zafi ba. Tulin da yake yi ƙanana ne, karkatattu, irin na mai koyo. Makaɗin ya sassauta kiɗa, daga baya ya canja take gaba ɗaya.

Surukina ne ya ratso gonar ya zo ya tsaya a gabansa. Mutumin da suka shekara bakwai ba sa haɗa ido. Ya kama ƙotar garmar ya ce, “Malam, ya isa. Zo mu zauna. Wannan hannun ba ya ƙarya.” Kawu bai saki nan da nan ba, amma ya saki. Suka tafi suka zauna a inuwar ɗorawar da suke rigima a kanta, don babu wata inuwa a kusa. Daga wannan shekarar rigimar ta mutu, ba wanda ya sake ta da ita. In ɗorawa ta nuna, matan gidajen biyu tare suke tsinka.

Da yamma na kai masa man zafi da ƙwayoyin rage ciwo. Na ce ya huta, in kumburin ya sace ƙarfi zai dawo. Ban ba shi haƙuri ba. Na gaya wa kaina cewa ai a kan aikina na yi magana, kuma lokaci zai gaskata ni. Aka yi biki, aka kawo amarya ɗakin da ya gina, hutuna ya ƙare na koma Zariya.

Kumburin ya sace, ƙarfi bai dawo ba. Da na zo hutu na gaba bayan dantsen ya zube, fatar tana reto, tsokar ta tattare can sama kusa da hammata kamar dunƙulen ƙwai. Hannun yana nan, yana cin tuwo da shi, yana ɗaukar buta, yana jan guga in bai cika ba. Amma ba ya sara, ba ya jifa, ba ya iya miƙa abu sama da kansa. In zai tashi daga zaune sai ya karkata ya dafa da hagu. A masallaci ya koma ƙarshen sahu, jikin bango, don kada ya jinkirta na kusa da shi wajen tasowa daga sujada. Ya rage gonar ta koma kashi ɗaya cikin uku, sauran ya ba mazan 'ya'yansa. Ya koyi tufka igiya da saƙar asabari, aikin da a da yake cewa na tsofaffi ne. Bai kai hamsin ba a lokacin.

In an tambaye shi abin da ya sami hannun yakan ce, “Ya yi aikinsa da wuri ya tashi.” Sunana bai taɓa shiga maganar ba.

Da na gama karatu aka turo ni ƙaramin asibitin yankinmu. Ranar da na fara aiki, Kawu ne mutum na farko a kan benci, ba don yana ciwo ba. Ya zo da wata mata daga ruga da ɗanta mai zazzaɓi, wadda ta rantse ba za ta bari a yi wa yaron allura ba. Ya ce mata, “Wannan ɗana ne. Hannunsa da albarka.” Haka ya yi ta yi shekaru. Ya rako mai gyambo, ya rako wanda maciji ya sara, ya rako matan da mazansu ke tsoron maganin Bature. Mutanen da ba su yarda da farar rigata ba sun yarda da shi. Abincin da na ci a garin nan, shi ya share mini wurin zama.

Ni kuwa na sami abin da nake gaya wa kaina. Na ce wataƙila sanyi ne ya shiga hannun. Na ce wataƙila shanyewa ce irin wadda ba ta da magani tun farko.

Shekara shida bayan gayyar nan aka tura mu ƙarin horo a wani babban asibiti a Kaduna. Wata safiya aka kawo wani lebura wanda buhu ya zame masa yana lodi. Likitan ƙashi, wani dattijo mara yawan magana, ya tara mu a bakin gadon. Ya tambayi mutumin ko ya ji ƙara lokacin da abin ya faru, ya ce ya ji, kamar an tsinka igiya. Ya nuna mana kumburin da kwantaccen jini a bayan gwiwar hannu. Ya ce mutumin ya lanƙwasa hannu, ya lanƙwasa. Ya ce ya sauke, ya sauke, hannun ya miƙe.

Likitan ya dube mu ya ce, “A nan ake ruɗar ku. Ba shi ya miƙe hannun ba, nauyin hannun ne ya ja shi ƙasa. Tsokar gaba ita ke lanƙwasawa, lafiyarta lau, shi ya sa yake iya ja, yake iya riƙo. Ta baya ita ke miƙewa, ita ke turawa. In kuna so ku gwada ta, ku sa ta yi aiki.”

Ya ɗaga gwiwar hannun mutumin sama, tafin yana bayan ƙeya, ya ce ya miƙe shi. Mutumin ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta fito, hannun bai tashi ba. Ya ce ya ture tafinsa, ya kasa. Sannan ya sa muka zo ɗaya bayan ɗaya muka taɓa bayan hannun, sama kaɗan da tsinin gwiwa. Da layi ya zo kaina, yatsana ya faɗa cikin rami. Jijiyar da ke ɗaure tsokar da ƙashi ta tsinke, ta ja da baya ta bar gurbi.

Ya ce in an kawo irin wannan da wuri, cikin 'yan makonnin farko, ana jawo jijiyar a ɗinke ta a jikin ƙashi, mutum ya koma aikinsa. Na ji bakina yana tambaya, in an shekara shida fa? Ya ce tsokar ta riga ta tattare ta ƙanƙance, da wuya a sami abin jawowa. Ya wuce gado na gaba. Ni na fita bayan ɗakin na tsuguna a gindin famfo, na daɗe ban tashi ba. Duk abin da likitan nan ya lissafa, Kawu ya gaya mini da bakinsa a zaure. Ramin kuma Baba ya ce in kawo hannu in ji.

Baba ya riga ya rasu kafin in dawo, don haka shi ban sami ko damar jin kunyarsa ido da ido ba. Kawu kuwa na same shi a ƙofar gida yana gasa doya. Tun daga Kaduna nake shirya maganar a cikin mota. Na zauna, muka gaisa, na ce, “Kawu, bari in ga hannun nan.” Ya miƙo. Na kai yatsa wurin. Yatsu biyu suka shige.

Na ce, “Kawu, hannun nan, ranar da na duba shi…”

Ya janye hannun ya juya doyarsa. Ya ce, “Ya daina ciwo tuntuni. Miƙo manjan can.”

Na miƙa masa manja. Ya buɗe mini ƙofar fita daga maganar, ni kuma na bi ta da sauri, har ina jin sauƙi a raina. Na gaya wa kaina ba ya son a tayar da maganar, girmama shi ne in yi shiru. Shekara tara ya ƙara a duniya bayan wannan ranar. Na saya masa riguna, na rufa masa ɗaki da kwano, na kai shi Gwagwalada ganin mahaifiyata duk lokacin da ya so. Abin da liman ya gani ke nan ya sa mini albarka. Kalma uku, ka yafe mini, su ne ban taɓa kai masa ba.

Ranar sadakar uku da safe na shiga gaida Inna. Tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin mayafin takaba, mata sun fita raba waina. Na durƙusa na gaishe ta, na tashi zan fita, ta ce in zauna.

Ta ce, “Akwai maganar da ya hana ni faɗa maka yana raye. Yanzu ba ya nan, ni kuma ba zan tafi da ita ba.”

Na ce ina ji, Inna.

Ta ce, “Kwana biyu bayan gayyar nan, kana can kana hidimar bikinka, amininsa ya dawo. Ya ce wannan ba aikin ɗori ba ne, shi ƙashi yake haɗawa, amma ya ji a asibitin Turawa suna ɗinke nama. Ya je da kansa ya sami direban da ke kwasar doya zuwa Kaduna, direban ya ce zai kai shi har ƙofar asibiti, a gaban mota zai zauna. Na haɗa masa guzuri. Ya sa rigarsa, ya sa hula, ya kai har zaure. Sai na ga ya dawo yana cire hular.”

Ta gyara mayafinta. Ba kuka take yi ba.

“Na ce lafiya? Ya ce, ‘Yaron nan ya faɗa a gaban mutane cewa buguwa ce. Nan za a turo shi aiki, da wannan aikin zai ci abinci. In na je aka ce jijiya ce ta tsinke, gobe duk garin nan sun ji maɗori ya gani shi bai gani ba. Wa zai ƙara kai masa ɗansa?’ Na ce hannunka fa? Ya ce, ‘Ina da wani.’ Amininsa ya yi masa faɗa har suka yi wata guda ba sa magana.”

Na kasa ɗaga kai. Na ce, “Inna, ashe ya sani.”

Ta ce, “Tun a zaure ya sani. Jikinsa ne.”

Na ce, “Ki yafe mini.”

Ta dubi tsakar gida. Ta ce, “Shi bai taɓa riƙe ka ba, balle ya yafe. Ni ce na riƙe ka. Shekara goma sha biyar ina zuba maka tuwo ina kallon hannunka biyu. Ban gaya maka don ka yi kuka ba, na gaya maka don na gaji da ɗauka ni kaɗai.” Ta numfasa. “Na yafe. Tashi, baƙi suna zaure ba a kai musu ruwa ba.”

Na tashi na kai musu ruwa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa, manomi, mai ciyar da mai ƙara kafin ya saurare shi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka karɓe shi da rahamar da ta fi wadda ya yi mini. Wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a ya gama, ya roƙa mini gafara ni ma.